Saura, kaso da rinjaye: me ake nufi idan aka ce rabo bai yi daidai ba

Idan Bahaushe ya ce rabo bai yi daidai ba, ba lallai abu ɗaya yake nufi ba. Yana iya nufin an raba, kowa ya samu daidai da ɗan'uwansa, amma wani abu ya rage a ƙasa wanda bai isa a sake zagaya mutane da shi ba. Yana iya nufin babu abin da ya rage, sai dai kason wani ya fi na wani bisa wata ƙa'ida da aka yarda da ita tun farko. Yana kuma iya nufin abu ne na tarayya tsakanin mutum biyu, wanda ya fi ƙarfi ya kwashe shi duka. A gida da kasuwa, yanayin magana ne ke warware wanne ake nufi, ba a samun ruɗu. A aji kuwa lamarin ya fi wuya, domin ɗalibin Maradi yana karɓar waɗannan ma'anoni daga bakuna dabam dabam: malamin lissafi da malamin shimi, wato ilimin sinadarai, suna ba shi da Faransanci a lakkwal, wato makarantar boko, malamin zaure yana ba shi da Larabci a babin gado, sannan ya riga ya taso da nasa lissafin na dala da tiya. Ba kasafai ake zaunar da shi a nuna masa inda waɗannan suka haɗu da inda suka rabu ba.

Rabon da ake fara koya wa yaro a firamare shi ne rabo mai saura, wanda littattafan Faransanci ke jingina wa Uƙlidis, masanin lissafin da ya rayu a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙa'idarsa gajera ce: idan aka raba lamba da wata lamba, za a samu kaso da saura, kuma dole saura ya gaza lambar da aka raba da ita. Idan an raba 17 gida 5, kowane gida ya samu 3, saura 2, domin 17 daidai yake da 5 sau 3 a ƙara 2. Sharaɗin nan na cewa saura ya gaza mai rabawa shi ne ke sa amsa ta zama ɗaya tilo; ba don shi ba, wani zai iya cewa kowa ya samu 2 saura 7, kuma bai yi ƙarya ba, illa dai bai gama rabon ba.

Abin da ba a cika jaddadawa ba shi ne, saura ba sifar dukiyar da ake rabawa ba ce, sifar ma'aunin da aka zaɓa ce. A ɗauki jikka guda, wato faran 1000 na kuɗin Nijar, a raba wa mutum uku. Yaro a kan allo zai rubuta 1000 raba 3, ya samu 333 saura 1. Ɗan kasuwa ba zai taɓa faɗin haka ba, domin a bakinsa jikka dala 200 ce, kowa ya ɗauki dala 66, saura dala 2, wato kowa ya tashi da faran 330, an bar faran 10. Idan kuma babu ƙananan kuɗi a hannu sai na dala biyar biyar, to jikka ta zama ƙwaya 40, kowa ya samu 13, saura ƙwaya ɗaya mai darajar faran 25. Kuɗin bai canza ba, mutanen ba su canza ba, amma saura ya zama 1, ya zama 10, ya zama 25, gwargwadon ƙanƙantar abin da aka ɗauka ba ya gutsuruwa. Duk wanda ya riƙe wannan, rabin abin da zai biyo baya ya zo masa da sauƙi.

A nan ne na'urar lissafi ta wayar salula ke yi wa yara ɓarna. Yaro ya danna 17 raba 5, ta ba shi 3,4, sai ya rubuta a takarda cewa saura 4 ne. Alhali wannan 4 da ke bayan waƙafi kashi huɗu ne cikin goma na kaso ɗaya, kuma sai an ninka 0,4 sau 5 kafin a dawo kan saura na gaskiya, wato 2. Na'urar ba ta san saura ba, ita gutsura take ci gaba da yi. Wani lokaci gutsurawar ta ƙare, wani lokaci ba ta da iyaka, kamar 1 raba 3 da ke ba da 0,333 har abada. Dalili kuwa sananne ne: idan an taƙaita gutsure iyakar taƙaitawa, lambobin bayan waƙafi suna tsayawa ne kawai idan lambar ƙasa ba ta ginu da komai ba sai 2 da 5, saboda su ne tubalin goma. Shi ya sa rabi, rubu'i, humusi da sumuni suke tsayawa, sulusi da sudusi ba sa tsayawa.

Uƙlidis da kansa ya ware suna ga wannan bambanci a littafi na bakwai na babban aikinsa. Ƙaramar lamba, idan tana auna babba ba tare da saura ba, ya kira ta yankin babbar. Idan ba ta auna ta, ya kira ta yankuna, domin sai an haɗa ƙananan yankuna da dama kafin a bayyana ta. Masu rubutu da Latin daga baya suka sa wa na farko alikot, na biyu alikant, kuma haka suka shiga Faransanci da Ingilishi. Ga lamba 12, yankunan alikot su ne 1, 2, 3, 4 da 6, yayin da 5, 7 ko 8 suke alikant. A kan yankunan alikot ne aka gina tsofaffin babuka na ilimin lambobi. Lamba 6 ana kiranta cikakkiya saboda 1 da 2 da 3 sun haɗu sun ba da 6, haka ma 28 da 496 da 8128. Lambobi 220 da 284 kuwa ana kiransu masoya, domin yankunan 220 idan an tara su suna ba da 284, na 284 kuma suna ba da 220, kuma Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 901, ya fitar da ƙa'idar samo irin waɗannan tagwaye. Ita kalmar alikant kusan ta mutu a lissafin zamani, inda malami yake cewa kawai wannan lamba tana raba waccan ko ba ta raba ta.

Abin da ya kamata ya ja hankalinmu shi ne, a zaurukan karatu na Maradi da Tibiri da Tasawa akwai tsarin sunaye na wannan batu da ya fi na Latin zurfi, kuma ana aiki da shi duk ranar da aka zauna rabon gado. Malaman mirasi suna duban kowace lamba biyu su sa su a ɗayan matsayi huɗu. Idan daidai suke, kamar 6 da 6, tamasuli ke nan. Idan ƙarama tana shiga babba ba saura, kamar 3 da 6, tadahuli ke nan, kuma shi ne ainihin alikot. Idan ƙarama ba ta shiga babba, amma akwai wata lamba ta uku da ke raba su duka, kamar 4 da 6 da suka haɗu a kan 2, tawafuƙi ke nan. Idan kuwa babu abin da ya haɗa su sai 1, kamar 5 da 6, tabayuni ke nan. Mai lura zai ga cewa abin da Turawa suka dunƙule a cikin alikant, malaman gado sun tsaga shi biyu, kuma tsagawar ita ce mai amfani, domin ita ce abin da ɗan kwaleji ke nema idan aka ce ya fitar da PGCD, wato babbar lambar da ke raba lambobi biyu tare.

Ga yadda ake aiki da shi. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, ƴaƴa maza biyu da ɗiya ɗaya. Matar tana da sumuni, don haka asalin mas'ala, wato adadin kason da za a fara kasa dukiyar, 8 ne: ta ɗauki 1, saura 7 na ƴaƴa. Namiji yana da rabon mace biyu, saboda haka kawunansu 5 ne. Bakwai ba ta rabuwa gida biyar, kuma wannan shi malamai ke kira inkisari, wato karyewar rabo a kan kawuna. Ba a cewa kowane kai ya ɗauki 1 a ajiye 2, domin gado ba ya barin saura marar mai shi, ba a kuma komawa ga waƙafi. Abin da ake yi shi ne a duba tsakanin 7 da 5, a ga tabayuni ne, sai a ninka asalin mas'ala da kawunan duka, 8 sau 5, ya zama 40. Yanzu mata ta samu 5, kowane ɗa 14, ɗiya 7, jimla 40 cif. Wannan gyara shi ake kira tashihi. Da a ce mamacin ya bar uba da uwa da ƴaƴa maza shida, asali 6 ne, uba 1, uwa 1, saura 4 a kan kawuna 6. Tsakanin 4 da 6 akwai tawafuƙi da rabi, don haka ba a buƙatar ninkawa da 6, rabinta 3 ya wadatar: asali ya zama 18, uba 3, uwa 3, kowane ɗa 2. A duka misalan biyu, ba a taɓa haƙƙin kowa ba, ma'auni kawai aka ƙanƙanta har saura ya ɓace, wanda shi ne dai abin da muka gani a rabon jikka.

Amma a lura da cewa kason 14 da na 7 da na 5 ba daidai suke ba, kuma duk da haka rabon ya fita ba saura. Wannan shi ne ma'ana ta biyu, wadda littattafan lakkwal ke kira rabo bisa gwargwado, kuma ba shi da alaƙa da karyewa. Ɗalibin da ya haɗa su wuri ɗaya zai ɗauka duk rabon da kasonsa ya bambanta akwai matsala a lissafinsa. Akwai ma wani yanayi na dabam a gado, inda kasonnin da aka ƙayyade suka fi dukiyar yawa. Mace ta rasu ta bar miji da ƴan'uwa mata shaƙiƙai biyu: miji yana da rabi, su suna da sulusi biyu, a asali 6 ke nan 3 da 4, jimla 7. Hukuncin da aka ɗauka tun zamanin Sayyadina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, shi ne auli: a ɗaga asali ya zama 7, miji ya samu 3 cikin 7, su samu 4 cikin 7, ragin ya hau kan kowa gwargwadon kasonsa. A mas'alar mata da ɗiya biyu da uba da uwa, asali 24 yana hawa zuwa 27, sumunin matar ya koma ɗaya cikin tara.

Idan ɗalibi ya shiga ɗakin gwaji, a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko a cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, zai sake cin karo da alikot, amma da wata fuska. A can, alikot shi ne ɗan abin da aka ɗiba daga ruwan gwaji da sanannen awo domin a yi bincike a kansa a madadin duka. An narkar da abu a tulun awo mai mililita 250, an ɗibi 25 da bututun awo, an gano abin da ke ciki, sai a ninka sau 10. A nan shimi da lissafi sun yi jituwa, domin 25 tana shiga 250. Amma idan 20 aka ɗiba, sai a ninka sau 12,5, kuma a ƙa'idar lissafi wannan alikant ne, sai dai babu ma'aikacin da zai fasa kiransa alikot. Ƙungiyar IUPAC, wadda ke daidaita sunayen shimi a duniya tun 1919, ta ambaci wannan a shawarwarinta na 1990 kan ɗiban samfuri, inda ta nuna cewa an yi amfani da alikant ga irin mililita 15 cikin 100, amma ma'anar da ta ba alikot ta jingina ne a kan wani abu dabam: sanannen adadi ne daga abin da ya gauraya sosai har ko'ina cikinsa ɗaya ne.

A ganina masu shimi suna da hujja da suka yi sakaci da bambancin. Ruwa ba ƙwayar kuɗi ba ne, ana gutsura shi yadda aka so, don haka saura ba ya da wata ma'ana a wurinsu, kuma ninkawa da 12,5 bai fi ninkawa da 10 haɗari ba. Rashin daidaiton da suke tsoro shi ne na gaurayawa. Gujiya ta isa misali, tunda ƙasar Maradi ta daɗe da saninta. Dafin afalatoksin da funfuna ke haifarwa ba ya bazuwa daidai a buhu, yana taruwa ne a ƴan ƙwayoyi kaɗan, alhali iyakar da Tarayyar Turai ta sa wa gujiyar ci kai tsaye ita ce maikurogiram 4 a kilo, wato kashi 4 cikin miliyan na giram. Wanda ya ɗibi kilo ɗaya daga bakin buhu mai kilo 50 ya ɗibi alikot a idon malamin lissafi, tunda 1 tana shiga 50, amma a idon mai gwaji bai ɗibi komai ba, domin yana iya kuskure ƙwayoyin da suka ɓaci gaba ɗaya, ko ya faɗa kansu su kaɗai. Sai an ɗiba daga wurare da yawa, an niƙe, an gauraya, kafin ɗan abin da aka auna ya cancanci sunan. Haka ake yi wa samfurin ƙasar gona: a tara ta tsibi, a baje, a tsaga huɗu, a ɗauki biyu masu fuskantar juna, a sake gaurayawa a maimaita har ta ragu zuwa abin da ake buƙata.

Ma'ana ta uku, ta rinjaye, tana bayyana ne idan aka sauka zuwa atam, wato ƙwayar zarra da kowane abu ya ginu da ita. Atam biyu da suka ɗauru da juna suna tarayya ne a kan elektaron biyu, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin ragi da ke kewaye atam. Idan ɗaurin ya tsinke, hanya biyu ce. Ko dai kowane atam ya tafi da ɗaya, wanda ake kira omoliz, kamar yadda hasken rana ke tsinka iskar kulorin zuwa atam biyu masu elektaron marar abokin zama, ko kuma ɗaya ya tafi da duka biyun ya bar ɗayan hannu wofi, wanda ake kira eteroliz, kamar yadda HCl, haɗin haidurojin da kulorin, ke yi a ruwa, kulorin ya zama mai cajin ragi, haidurojin ya zama mai cajin ƙari. Waɗannan sunaye sun yaɗu ne ta hannun Christopher Ingold da abokan aikinsa a Landan a shekarun 1930. A allo ana nuna na farko da kibiya mai rabin kai, na biyu da kibiya mai cikakken kai, kuma ɗalibai da yawa suna rasa maki a kan wannan kaɗai.

Abin lura shi ne, biyu raba biyu ba ta da saura ko kaɗan, kuma babu wata ƙa'idar kaso da ta ce kulorin ya cancanci fiye da haidurojin. Ƙarfin jan elektaron ne ya bambanta, a ma'aunin Pauling kulorin yana da 3,16, haidurojin 2,20. Kuma ko wannan bai wadatar shi kaɗai ba. A cikin iska, inda babu ruwa, tsinka HCl ɗaya-ɗaya yana cin ƙarfi kimanin kilojul 430 a kowane mol, wato ma'aunin yawan sinadari, yayin da tsinka shi biyu-da-babu yake cin kusan 1400, don haka a can rabon daidai ne ya fi sauƙi. Ruwa ne ke juya lamarin, domin yana kewaye ɓangarorin masu caji ya kwantar da su, ya biya kuɗin da aka kashe wajen raba su. Saboda haka idan aka tambayi ɗalibi yadda ɗauri zai tsinke, amsar ba ta cika ba sai ya faɗi inda abin ke faruwa.

Sai kuma dismitasiyon, inda atam iri ɗaya suke rabuwa wani ya ba da elektaron wani ya karɓa, wanda ke cikin kowace kwalbar ruwan jabel da ake sa wa ruwan wanki da na tsaftace asibiti. Ana samun jabel ne idan aka shigar da iskar kulorin cikin ruwan soda irin ta yin sabulu, mai sanyi. Atam biyu na kulorin sun shigo a matsayi ɗaya, wato sifili a ma'aunin elektaron da atam ya karɓa ko ya bayar, amma sun fita ɗaya ya sauka zuwa ragi 1 ya zama gishirin ci, ɗaya ya hau zuwa ƙari 1 ya zama sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Sunan jabel kansa na wata unguwa ce a Paris inda aka fara sarrafa shi a ƙarshen ƙarni na 18 bisa binciken Berthollet. Haka ruwan wanke rauni na H2O2 yake yi idan ya yi kumfa: oksijin da ke ragi 1, wani ya sauka zuwa ragi 2 ya zama ruwa, wani ya hau zuwa sifili ya fita iska. Idan kuwa ruwan sodar mai zafi ne, rabon kulorin yana ƙara karkata: cikin atam shida, biyar sun sauka mataki ɗaya ɗaya, guda ɗaya ya hau mataki biyar. Kawuna biyar da ɗaya ne, amma abin da aka bayar da abin da aka karɓa duk biyar ne, kuma neman wannan daidaito a ma'auni shi ne neman ƙaramar lambar da ɓangarorin biyu ke shiga, irin aikin da mai tashihi ke yi.

Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, batun sunayen kimiyya da Hausa ya tashi daga hirar malamai ya zama aikin da za a yi. Hatsarin da nake hangowa shi ne a ɗauki jimla ɗaya, rabon da bai yi daidai ba, a shimfiɗa ta a kan saura da gwargwado da eteroliz da dismitasiyon duka, saboda ita ce ta fi saurin zuwa baki. A ɓangaren lissafi babu dalilin ƙirƙirar sabon abu, domin saura kalma ce da kowa ya sani, inkisari da tadahuli da tawafuƙi da tabayuni kuma suna da ƙayyadaddiyar ma'ana da aka daɗe ana gwadawa a kan dukiyar mutane, inda kuskure ke kai ga alƙali. A ɓangaren shimi kuwa waɗannan kalmomi ba za su yi aiki ba, kuma tilasta su zai ƙara ruɗu ne, tunda elektaron biyu a kan atam biyu tamasuli ne, amma rabon na iya fita biyu da babu. A nan ya fi dacewa a bar eteroliz da omoliz da dismitasiyon yadda ɗalibai ke jin su, a rubuta su da haruffan Hausa, a riƙa haɗa kowanne da gajeren bayani kamar tsinkewar ɗaya-ɗaya, tsinkewar biyu-da-babu, da hawa da sauka daga matsayi ɗaya. Alikot na ɗakin gwaji kuma a kira shi ɗiba mai wakiltar duka, a raba shi da tadahuli tun daga ajin da aka fara riƙe bututun awo.